Mafarki a Hannun 'Yan Kasuwa

Duk wanda ya saba bi ta bakin Babban Masallacin Jos, ko ya taɓa zaman jiran mota a tashar Bauchi Road, ya san 'yan littattafan nan na fassarar mafarki da ake bajewa tare da carbi da turare. Buɗe ɗaya ka gani: maciji maƙiyi ne, faɗuwar haƙori mutuwar ɗan'uwa ce, haka dai har bangon ƙarshe. A 'yan shekarun nan kuwa harkar ta ƙaura cikin wayar hannu, inda mutum zai aika mafarkinsa ga wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, a mayar masa da hukunci kafin shayinsa ya huce. Da wannan sana'a muke da ja, kuma ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Wata ɗalibarmu, haifaffiyar Jos Jarawa, tana da shekara bakwai lokacin rikicin Janairun 2010. Har ta shigo jami'a mafarki ɗaya ke bibiyar ta: hayaƙi ya turnuƙe, tana gudu, ƙafafu sun ƙi ɗaguwa, wani yana biye da ita. Wani daren kuma ta farka ta kasa motsi, kamar an aza mata dutsen niƙa a ƙirji. Uwarta ta kai ta wurin wani mai duba, shi kuwa bai ɓata lokaci ba ya ce mai abin tana cikin gida. A gidan mace ɗaya ce bare, wato matar baffanta. Ba a yi wata uku ba matar nan ta kwashe kayanta da sunan mayya a kanta, wa da ƙane suka daina gaisawa. A duk wannan hidima ba a sami mutum ɗaya da ya tambayi yarinyar abin da idonta ya gani tana 'yar shekara bakwai ba.

To, me ke kawo mafarki? A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano cewa a cikin barci akwai wani mataki da ƙwayar ido ke kai-komo a ƙarƙashin fatarta, alhali ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai ido biyu. Wannan mataki yakan zagayo kusan duk bayan minti 90, kuma in aka tashi mutum a cikinsa, galibi zai ce mafarki yake yi. A daidai lokacin ne kuma ƙwaƙwalwa ke ɗaure tsokokin jiki, don kada mai mafarkin gudu ya zabura ya faɗa rijiya. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai mutum ya ji shi a ɗaure. Dannau ke nan, wanda aka daɗe ana ɗora wa aljanu da mayu alhakinsa. Game da amfanin mafarki kuwa masana sun rarrabu. Sigmund Freud, a littafinsa na 1900, ya ce buri ne da aka danne yake fitowa cikin shigar burtu. Allan Hobson da Robert McCarley a 1977 suka ce ƙwaƙwalwa ce ke ɗinka labari daga saƙonnin da jijiyoyi ke watsowa barkatai. Antti Revonsuo na ƙasar Finland a 2000 ya ce atisaye ne na tsere wa haɗari. Duk da saɓaninsu, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya nemo kayan mafarki a wajen mai mafarkin. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin cewa maimaita mafarkin tashin hankali yana cikin manyan alamomin tabon da firgici ke bari a zuciya. A garin da ya ga Satumbar 2001, ya ga Nuwambar 2008, ya ga Janairun 2010, ina mamaki don mutane na mafarkin wuta?

Mun san za a ce mana ai wannan zancen Turawa ne, mu muna da addini. Madalla, mu je ga addinin. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. Wanda ya ga abin ƙi an umurce shi ya nemi tsari, ya yi tofi ta hagu, kada kuma ya ba kowa labari. A ina aka ce ya kai wa mai duba, balle a kori matar wani? Shari'a ba ta karɓar mafarki a matsayin shaida ko a kan akuya. Labarin Annabi Yusuf, wanda Musulmi da Kirista na Jos duk suka tashi da shi, a kan shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, a rumbu ya ƙare, da tanadin hatsi don shekarun fari. Muna faɗin haka ne domin cinikin nan bai san masallaci ko coci ba. A ɗakunan addu'ar dare ma ana nuna tsofaffi da yatsa a kan mafarki.

Shi kansa Muhammadu Ibn Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, kuma sunansa ke bangon yawancin littattafan nan, manazarta sun nuna cewa babban kundin da ake jingina masa an harhaɗa shi ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa. Abin da aka ruwaito na halinsa ma ya ƙaryata masu cin abinci da sunansa. An ce mutum biyu sun zo masa, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai je hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata. Mutanen ya duba kafin ya dubi mafarkin. Wannan kuwa shi ne abin da muke koya wa 'yan aji ɗaya a darasin adabi: kalma ba ta da ma'ana sai a muhallinta. Giwa a bakin makaɗin fada sarki ce, a bakin manomin da ta tattake wa dawa kuwa annoba ce. Ɗalibin da ya kawo mana jadawalin ma'anoni ya ce da shi zai feɗe kowace waƙa, sifiri za mu ba shi. Abin takaici, shi ne kuma zai fita daga aji ya sayi irin wannan jadawali don ya feɗe rayuwarsa.

Su ma 'yan bokon da ke kaɗa hannu su ce mafarki shirme ne, ba mu sallame su ba. Mafarkin yarinyar nan magana yake yi, tun shekaru goma sha yana faɗin abu ɗaya, kuma abin da yake faɗi ya faru da gaske a unguwarsu. Irin wannan ciwo yana da magani. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, kuma cikin dabarun da likitoci ke amfani da su a duniya har da sa majinyaci ya rubuta mafarkinsa da rana, ya sauya masa ƙarshe, ya riƙa bitar sabon har tsohon ya sassauta. Mun ba ta shawarar ta je, ta kuwa je, kuma ta ce yanzu takan yi mako biyu ba ta ga hayaƙin ba. Matar baffanta dai har yau tana gidan iyayenta.