Wa Zai Tsaya Wa Tsuntsayen Fadamar Rima?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, lokaci ya yi da za mu yi magana a kan fadamun Goronyo da Wurno da Raba, tun kafin a wayi gari sai labarinsu.

Tun kaka da kakanni, Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato kan yi ambaliya da damina, su cika tafkuna, su bar tsibirai inda zalɓe da kirinjijiya da ɗinya ke ƙyanƙyasa, nesa da dila da gafiya. Da rani kuma tsuntsaye baƙi kan ƙetaro Hamada daga Turai su sauka a nan. Sai aka datse Gulbin Sakkwato a Bakalori a 1978, aka gama madatsar Goronyo a 1984. Ruwa ya koma hannun ma'aikata, a sake shi sa'ad da aka ga dama. Tsibirin da ruwa ya janye masa ya zama tudu, kowace dabba ta taka ƙwai. Gauraka kuwa ya kusa ƙarewa a Nijeriya baki ɗaya. Ga kuma jiragen feshin jan-baki, waɗanda gubarsu ba ta tambayar tsuntsu sunansa.

Mun san abin da manya za su ce: "Talaka na fama da yunwa, ku kuna kukan tsuntsu?" To, muna tambayarsu: ina kifi ke hayayyafa in ba a ruwan ambaliya ba? Ina Bafulatani zai kai shanu da bazara? Wa ke cinye farar da ke cin gero in ba shamuwa da belbela ba? Ruwan da ke raya tsuntsu shi ne ke raya shinkafa da albasar Wurno. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa sakin ruwa daidai da lokacin ambaliyar asali, da shawarar manoma da masunta da makiyaya. A keɓe wuraren ƙyanƙyasa, a hana feshi da harbi a kansu. A 2008 an shigar da Baturiya da Dagona da tsibiran Foge cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare fadamun duniya. Gwamnatin Jihar Sakkwato ta nema wa Rima irin wannan matsayi.

Mu kuma mu fita ƙidayar tsuntsaye a kowane hutu, mu ajiye shaida a rubuce. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi don tsaron ƙasa. Tsaron fadamar da ke gindin garin kuwa ya rataya a wuyanmu.