Dokar kafofin sada zumunta: a hannun wa sandar za ta kasance?

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk lokacin da jita-jita ta ta da hankali a gari, mukan ji wasu daga cikinmu suna cewa gara gwamnati ta kafa doka ta toshe bakin masu waya. Mun san inda maganar ta fito. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar mu 'yan tsiraru ne, kuma saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya sa ɗan'uwa ya kulle shagonsa ranar kasuwa. Ba mu manta da Deborah Samuel ba, wadda aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, bayan saƙon da ta tura a zauren ajinsu. A nan Gumel ma akwai kwalejin ilimi, 'ya'yanmu kuma suna cikin irin waɗannan zauruka.

An sha gwadawa. A Nuwamba 2019 Sanata Muhammad Sani Musa na Jihar Neja ya kawo ƙudirin hana yaɗa ƙarya a intanet, mai tarar naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku, wanda zai ba 'yan sanda ikon sa a toshe shafi. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kuma ya kawo na kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya in kalaman suka jawo mutuwa. Duka biyun sun maƙale a majalisa. Daga baya gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, sai kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka.

Abin da ya ka da ƙudirorin tambaya ɗaya ce: wa zai yanke cewa magana ƙarya ce? Mu ya kamata mu fi kowa yin wannan tambaya, domin mun ga yadda aka yi da dokar da take ƙasa. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Warji ta Jihar Bauchi maƙwabciyarmu, ta tura wa abokan aikinta bidiyon da ke Allah wadai da kisan Deborah. An kama ta a Mayu 2022, cikin tuhumar har da dokar laifuffukan intanet ta 2015. Sai Disamba 2023 ta sami beli, sai Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Waɗanda aka gurfanar kan abin da ya faru a Sakkwato kuwa, ba da laifin kisa aka tuhume su ba. Sabuwar doka mai faɗin baki, a ganinmu, haka za ta sauka: a kan wanda ba shi da mai tsaya masa.

Wannan ba kiran raina hukuma ba ne. Romawa sura 13 ta koya mana cewa mai mulki bawan Allah ne don hukunta mai mugunta, kuma shaidar zur tana cikin abin da Dokoki Goma suka hana, ko da baki aka yi ta ko da ɗan yatsa. Mu faɗi gaskiya, a zaurukan zumuntar mata da na matasa mun sha tura hotunan gawarwaki ba mu san ƙasar da aka ɗauke su ba.

Gyaran da aka yi wa sashe na 24 na dokar 2015 a Fabrairu 2024 ya nuna hanyar da za mu iya goyon baya. An cire kalmomi irin su cin mutunci da ɓata rai, aka bar ƙaryar da aka yaɗa da gangan don ta da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. In wani ƙudiri ya sake tasowa a Abuja ko Dutse, dattawan ikkilisiya su nemi kwafinsa su duba abu biyu: ko an fayyace laifin, da ko alƙali ne zai ba da umarnin toshe shafi ko jami'in gwamnati.