Taswira Mai Launi: Amfani da Hattara ga 'Yan Kasuwa

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan fitar da farashin kayan abinci da na man fetur jiha-jiha, amma 'yan kasuwa kaɗan ne ke da sukunin bin dogayen jerin alƙaluma. Manhajar kwamfuta ta QGIS, wadda Gary Sherman ya fara haɗawa a shekarar 2002, kyauta ake samunta, kuma takan shafa wa kowace jiha launi gwargwadon adadin da aka ba ta. Da kallo ɗaya dillalin hatsi zai ga inda masara ta yi araha da inda ta yi tsada. Saboda haka ya kyautu ƙungiyoyin 'yan kasuwa su koya wa ma'aikatansu aiki da ita.

Sai dai a yi hattara, domin ido faɗin ƙasa yake bi. Jihar Neja ce mafi faɗi a Nijeriya, Legas kuwa mafi ƙanƙanta, alhali cinikin Legas ya fi na Neja nesa ba kusa ba. Duk wanda ya zuba jari bisa faɗin launi kaɗai, bai duba yawan jama'a da kuɗin dakon kaya ba, yana iya kai hajarsa inda masu saye suka yi ƙaranci.