RA'AYINMU: Basirar Zama da Mutane

Akwai wata kalma ta masana halayyar ɗan Adam wadda ta baro littattafai ta shiga bakin masu horar da jama'a da ma'aikatan ayyukan raya karkara. In aka juya ta da Hausa sai a ce basirar zama da mutane. Tun da ana ambaton ta a tarurrukan da suka shafe mu, ya kamata ƴan uwa makiyaya da ƴan kasuwar bisashe su san asalinta, da inda take da amfani, da kuma inda za a iya cutar mu da ita.

Wanda ya fito da kalmar fili shi ne Edward Thorndike, malami a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, a cikin mujallar Harper's a 1920. Ya kasa basira gida uku: ta tunani da lissafi, ta sarrafa kayan aiki, sai ta fahimtar mutane da yin abin da ya dace a hulɗa da su. Shi da kansa ya lura cewa wannan ta ukun ana ganin ta ƙarara a filin wasan yara da barikin soja da wurin ciniki, amma auna ta a ɗakin jarrabawa yana da wuya. Haka kuwa aka yi. Gwajin da aka ƙirƙiro a Jami'ar George Washington a 1926, daga baya bincike ya nuna cewa yawanci iya harshe da karatu yake aunawa. A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya sa fahimtar mutane cikin ire-iren basira masu zaman kansu, sa'annan a 2006 Daniel Goleman ya raba ta biyu: gane halin da mutum yake ciki, da sanin abin da za ka yi da wannan ganewar.

To, duk wanda ya taɓa wuni a kasuwar shanu ya san abin da ake nufi. Dillali na ƙwarai yakan dubi fuskar mai sa ya gane ko bukata ce ta koro shi ko kuwa gwajin kasuwa ya zo yi. Mai saye ya taya da araha, mai dabba ya ce "albarka", an ƙi tayi ke nan ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Fatoma yana saukar da baƙon da bai san gari ba, ya tsaya masa, har a ba da shanu bashi a kan maganarsa kaɗai. A daji kuwa, garso ba ya sauke garke kusa da gari sai ya je ya gai da mai gari, ya ji ko an saki gonaki, ya san rijiyar wa za a sha. Fulbe suna da sunayen waɗannan halaye cikin pulaaku: hakkiilo, munyal da semteende, wato hangen nesa da haƙuri da kunya. Haɓɓanaye, aron saniya ga wanda ya rasa, zumunci yake ɗaurewa. Wasan taubasantaka irin na Fulani da Barebari ko Arawa, wanda ya sha kashe wutar faɗa da raha, hukumar UNESCO ta sa na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Saboda haka kada wani ya raina kansa don bai shiga lakkwal ba. Sai dai muna da jan kunne guda uku.

Na farko, basirar nan daban take da wayo. Wanda ya iya karanta fuska yana iya amfani da ita ya sulhunta mutane, yana kuma iya ɓoye ciwon dabba ko ya danne kuɗin baƙo bayan ya karɓi la'adarsa. Na biyun zai ci kasuwa ɗaya ko biyu, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sana'armu a kan amana take tafiya.

Na biyu, ba a haihuwar mutum da ita a cike, koyon ta ake yi. Da can yaro yana bin mahaifinsa gaisuwa, yana jin yadda ake ba da haƙuri in an yi ɓarna. Yau sau da yawa samari ne kaɗai ke tafiya da garke, dattawa suna gida suna bin su da waya. Waya ba ta shiga zauren mai gari. Magana kuwa zarar bunu ce, kalma ɗaya a bakin gona tana iya jawo abin da shekaru ba za su gyara ba. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100.

Na uku, iya zama da mutane ba ya maye gurbin doka. Idan an noma burtali ko an toshe mashaya, kada a ce wa makiyayi ya yi basira ya yi shiru. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyaya a Nijar, har da na tafiya da dabbobi. Aikin basira a nan shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da wanda za a tura, da harshen da zai sa a saurare mu.

Muna kira ga rassan ƙungiya da su riƙa haɗa samari da dattawa kafin tashin garke, su kuma zaɓi wakilan sulhu bisa halinsu, ba don yawan shanunsu ba. Allah Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.