Wasiƙar da mai sunan bai rubuta ba

Mu da muka ga zamanin da wasiƙa ke tafiya a aljihun direba, mun san darajar ɗan aike. Motar da ke ɗauko lemu da rumman daga garaken Timia, can cikin duwatsun Abzin, ita ke kawo mana saƙo Agadez. In zuciyarka ba ta kwanta ba, sai ka ce, "Malam direba, wa ya ba ka?" Ya ce wane ne, hannu da hannu. Magana ta ƙare.

Da imel ya zo muka yi murna, muka manta da wannan tambaya.

A 2002, ina wani shagon intanet a Agadez, sai ga saƙo da sunan aminina, mutumin Timia mai yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. Na danna abin da aka liƙo ba tare da wani tunani ba. Kwamfuta ta rikice, mai shago ya yi ta faɗa, ni kuwa na ƙullaci bawan Allah har watanni. Ashe yana can garkarsa yana ban ruwa, rabonsa da kwamfuta tun kafin damina.

Ƙwayar cutar kwamfutar da ta yi wannan aika-aika sunanta Klez. Takan shiga kwamfutar wani na uku, ta tsinci adireshi biyu a ciki, ta sa ɗaya a gurbin mai aikawa, ta tura wa ɗayan. Mai cutar yana zaune lafiya bai sani ba, mai sunan yana shan zargi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata ƙwayar cutar mai suna Sobig ta maimaita dabarar a 2003, wata kuma mai suna Mydoom a Janairun 2004. Ƙofar a buɗe take tun 1982, domin ƙa'idar aika imel da aka tsara a Amurka a shekarar ba ta tantance sunan mai aikawa. Masu tsara ta sun yarda da juna ne, kamar mutanen gari ɗaya.

Yau manyan kamfanonin imel suna tace irin waɗannan saƙonni, amma macuta sun bi mu cikin wayoyinmu, da hoton ɗan'uwa da roƙon a turo kuɗi yanzu-yanzu. Har gobe ina jin kunyar zaton da na yi wa aminina.

Don Allah, 'ya'yana, in saƙo ya zo da sunan wanda kuka sani, ku kira shi ku ji muryarsa kafin ku danna, kafin kuma ku yi fushi.