Tsaka a Akwatin Gilashi

A wannan wata mun so mu taɓo maganar kwatocin unguwa ne, sai ga wata rigima ta taso a gidan wani maƙwabcinmu nan New Bell, wadda muka ga ta fi cancanta. Ɗansa, wanda ke karatun sakandare, ya zo masa da wayar hannu ya ce, "Baba, ka ga irin abin da nake so in yi kiwo." Da dattijon ya duba, sai ya ga tsaka ce rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi, kwance a tafin hannun wani Bature. Ya yi salati, ya ce muddin yana numfashi ba za a kawo masa kuturta gida ba. Yaron ya ce malamin kimiyya ya gaya musu tsaka ba ta kawo kuturta. Kwana uku ba su yi magana ba.

To, bari mu fara da ita halittar. Turawa na kiranta tsaka mai zanen damisa. Asalinta busassun ƙasashe ne masu duwatsu a Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, kuma wani masani ɗan Ingila, Edward Blyth, shi ya fara bayaninta a shekarar 1854. Ta bambanta da tsakar da muka sani a jikin bango: tana da fatar ido, tana ƙiftawa, ba ta da tafin nan mai mannewa, saboda haka ba ta hawa gilashi. A wutsiya take tara kitse. A Amurka da Faransa da Jamus a gida ake hayayyafa su, ana sayarwa kamar yadda ake sayar da tattabaru a wurinmu.

Abin da yaron bai sani ba shi ne, wannan aba takan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mai kiwo. Wato zai gama makaranta, ya yi aure, har ya haihu tana nan tana jiran abinci. Abincin kuwa ba sauran tuwo ba ne, sai ƙwari masu rai, gyare da tsutsa, a barbaɗa musu garin sinadarin ƙashi, in ba haka ba ƙasusuwanta su lanƙwashe. Ga kuma Duwala, garin da ruwan sama kan haura milimita 3,500 a shekara, inda takalmi ma kan yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Dabbar busasshiyar ƙasa ba ta son wannan laima. Ciwon huhu da na fata ne ke kama ta. Har wa yau, duk mai taɓa irin waɗannan dabbobi sai ya wanke hannu da sabulu, don suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo. A gidan haya mai ɗaki biyu da yara masu rarrafe, wa zai tsaya kan wannan?

Abin mamaki, tana da 'yar'uwa a ƙasarmu, mai ƙatuwar wutsiya, wadda ke zaune a dazuzzukan Afirka ta Yamma tun daga Sanagal har arewacin Kamaru. An daɗe ana kwasar ta daga Togo da Binin da Gana ana kai wa masu kiwo a Turai. Mu muna jifa, wasu na biyan kuɗin jirgi.

Amma fa dattijo ma akwai gyara a zancensa. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa bayan doguwar cuɗanya, kuma yau tana warkewa da magani. Ba tsaka a ciki. Mata nawa aka zuba wa miyarsu a kwata, aka bi su da zagi, don an ga tsaka a bangon madafa?

Hujjar da ke hannun dattijo ta fi wadda ya kawo ƙarfi nesa. Umarnin kashe tsaka ya zo a hadisan Buhari da Muslim, kuma da wannan ya buɗe baki, ya ce su je wurin liman tare a ji hukuncin ajiye ta a gida, da yaron bai sami abin musu ba. Mu a ganinmu gidansa ne, yana da ikon hanawa, kuma hanin daidai ne. Sai dai yaran yanzu suna zuwa makaranta, suna bincike a waya. Ran da suka kama mu da dalilin da ba shi da tushe, gobe ko mun kawo mai tushe sai sun yi shakka, kuma goben tana iya zama maganar ƙwaya ko ta tafiya Turai ta hamada.

Jiya mun ji an sasanta. Kawun yaron ya yi alkawarin kawo masa tattabaru biyu, shi kuma an gan shi wajen Kasuwar Kongo yana neman katako da raga na yin akurki. Uwar gidan dai ta ce ba a kan igiyar shanyarta ba.