Mu San Ƙasarmu: Maraɗi, Birnin da Gyaɗa Ta Gina

A filinmu na wannan wata za mu yi magana bisa birnin Maraɗi. Wani zai ce, mi za a gaya mana game da Maraɗi, mu mutanen Sae Sabuwa da muke shigarta Litinin da Jumma'a kamar zauren gidanmu? Gaskiya ne mun san tasha, mun san kasuwa, mun san asibiti. Amma can ne ake yanke kuɗin tiyar geronmu da buhun ayarmu, mu da ƴan'uwanmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji. Wurin da ake yanke maka kuɗin guminka, ya kamata ka san yadda ya tashi da abin da yake ci.

Maraɗi ɗiyar Katsina ce. Sunan ma na sarauta ne, har gobe akwai mai riƙe da sarautar Maraɗin Katsina. Da mutanen Shehu Usumanu suka ci birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya fito ya yi arewa. Bayan ƴan shekaru na yawo, wajen 1819, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, cikin fadamar Gulbi, inda kurmi ya yi duhu, doki ba ya shiga da sauƙi. Shi ya sa har yanzu ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa su ma suka zo suka kafa Tsibiri nan kusa, wajen 1836. A wancan zamani Maraɗi garin yaƙi ne, ba garin ciniki ba. Sarki Ɗan Baskore ya yi fiye da shekara 20 bisa gado, ya sha kai hari kudu. Fatake kuwa ba su son hanyar da ake harbi.

Nasara ne suka sauya wannan. Tsakanin 1906 da 1908 Faransa da Ingila suka auna iyaka suka kafa alamu, Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Da farko kwamandan yana zaune Tasawa, sai a 1927 aka maido da mulki Maraɗi. A 1945 kuma Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, aka kwashe mutane zuwa bisa tudu, aka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu: Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Mokoyo. Duk wanda ya taɓa mamakin yadda tsohon gari irin wannan ba shi da lunguna masu murɗiya kamar Damagaram, to ga dalili.

Yanzu mu zo ga gyaɗa, domin nan ne maganar take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan buhun gyaɗa ya samu hanyar zuwa teku. Ƙasarmu ta jigawa kuwa gyaɗa na sonta. Nasara suka aza haraji na kuɗi, wanda bai da kuɗi dole ya shuka abin da ake saye da kuɗi. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna Maraɗi, Kwarori su ma suka zo. Su ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa sosai, sai suka riƙa ba ƴan gari jari su fita su sayo musu. Manomi ya kawo gyaɗa a jaki ko raƙumi, a aza bisa sikeli, a ba shi kuɗi, ya biya haraji, sauran ya juya ya bar su a kantin wanda ya sayi gyaɗar, ya ɗauki yadi da gishiri da kananzir. Kuɗin sun shigo ta ƙofa ɗaya sun fita ta ɗaya. Waɗannan yaran kamfani masu sayo gyaɗa, da yawansu su ne suka zama manyan alhazan Maraɗi daga baya. Tsofaffinmu da suka ga wannan zamani suna nan, ku tambaye su wa ke karanta sikeli a lokacin, manomi ko mai saye.

Bayan mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta karɓe fitar da gyaɗa waje, ta kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma su riƙa auna kayansu da kansu. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje, kuma yankin Maraɗi da na Damagaram su ne rumbunta.

Bisa wannan albarkar ƙasa aka gina masana'antu, waɗanda muke kira izin. Babba kuma ta fari ita ce SICONIGER, mai matse man gyaɗa, tun 1942. Aka yi injin gurzar auduga na kamfanin CFDT. Aka yi SONITAN, majemar zamani, saboda fatar jar akuyar Maraɗi da ta yi suna har Turai domin laushinta. Daga baya aka samu masu yin katifa, da kayan ƙarfe, da lemun kwalba na BRANIGER. Ku lura da ukun farko: gyaɗa, auduga, fata. Duk daga hannun mutumin ƙauye suke fitowa. Izin ba ya cin iska, abin da muka noma ko muka kiwata shi yake ci.

To, da gona ta kasa, izin ma sai ya yi shiru. Fari ya fara tun 1968, ya yi tsanani a 1973. Ruwa ya dawo, sai kuma a 1975 darɓa ta sauka ta kawo cutar kuturtar gyaɗa, gonaki suka ƙanƙance, iri ya ɓace a hannun mutane. Manomin da ya ga yunwa da idonsa bai ƙara yarda ya ba gyaɗa babbar gonarsa ba, ya koma ga gero da wake, kuma ni ban ga laifinsa ba. Gwamnati ita ma idonta ya koma Arlit, inda aka fara haƙar uraniyom a 1971. SICONIGER ta shiga aiki rabi da rabi don babu abin matsewa, SONARA ta rushe a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka sayar da injin man ga ƴan kasuwa ya koma Olga Oil.

Amma birni bai mutu ba, sai ma ya ƙara cika. A 1950 mutanen Maraɗi ba su kai 10,000 ba. Ƙidayar 1977 ta samu wajen 44,000, ta 1988 wajen 110,000, ta 2001 wajen 148,000, ta 2012 kuma 267,249. Ke nan cikin shekara 35 sun ninka har shida. Ku dubi tsallen da aka yi tsakanin 1977 da 1988. Ba haihuwa kaɗai ta kawo shi ba, akwai farin 1984 a tsakiya, lokacin da mutanen arewa da na ƙauyukanmu suka kwararo birni neman abin sawa a baki, da yawa ba su koma ba.

Mi ya riƙe wannan jama'a tun da gyaɗa ta faɗi? Iyaka. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa ƴar tafiya ce, ka tsallaka kana Jibiya, gaba kaɗan Katsina, sa'an nan Kano. Yamai kuwa ta fi kilomita 600. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, hanyar teku ta rikice wa mutanen arewa, alhazan Maraɗi suka samu ciniki mai yawa. Daga nan suka gane wata sana'a: duk abin da Najeriya ta hana shigowa da shi ko ta aza masa kuɗin fito mai nauyi, kamar taba da atamfa da shinkafa, sai a sauke shi Kwatano ko Lome, a ɗora a kamyo zuwa Maraɗi, a biya ƴan duwan, a juya da shi kudu. Daga can kuma a dawo da fetur da taki da siminti da robobi. An samu dukiya, an gina masallatai da benaye, har wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum bisa alhazan Maraɗi a 1986.

Ni dai ina ganin wannan arziki yana da rauni wuri biyu. Na fari, makullinsa ba ya hannunmu. Najeriya ta rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kowane karo, ɗan dako da mai kamyo da mai tuwo a tasha su ke fara ji a jikinsu, sa'an nan mai wake da mai rago a ƙauye. Ko iyaka na buɗe, in Naira ta faɗi, mai saye daga kudu sai ya rage hannu. Na biyu, kwalin taba da ya kwana sito ya wuce bai nemi komi ga manomi ba. Izin man gyaɗa kuwa dole ya zo ya nemi manomi ya yi ciniki da shi. Ga kuma kayan waje masu araha da ke kashe ƙaramin izin na gida tun bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Kada a ce ba a ƙera komi a Maraɗi. Ana yi, sai dai ba cikin babban gini mai hayaƙi ba. Maƙera na yin amalanke da garma da ƙofofi, masu narka sanholo na zuba tukwane, dukawa na ɗinka takalma, ga kafintoci da teloli ba adadi. Matse man gyaɗa kuwa bai taɓa tsayawa ba a hannun mata. Su soya, su kai inji, su murza, su fid da mai, su yi ƙuli-ƙuli. Da za a tara abin da matan Maraɗi da na ƙauyukanta ke matsewa a shekara, da an ga inda babban izin na jihar yake. Amma ayarmu da riɗinmu da wakenmu, mafi yawa a buhu suke tsallaka iyaka, ɗanyu, ribar sarrafawa ta zauna can.

A Fabrairu 2021 Najeriya ta aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Shekara 110 ke nan bayan jirgi ya iso Kano. Ana ta murna, kuma akwai abin murna, domin kuɗin dako zai sauka. Sai dai jirgi ba ya zaɓen kaya. Yadda zai ɗauki garwar mai da aka matse Maraɗi, haka zai ɗauki buhun gyaɗa ɗanye ya kai Kano a matse a dawo mana da shi. Birnin yana da jami'a tun 2010, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga gidan binciken noma na INRAN a Tarna mai fid da iri. Muna so mu ji daga bakinsu, da na alhazai, da na ƙungiyoyinmu na manoma, wane kaya suke shirin sa wa cikin taragon da zai nufi kudu. Mai amsa ya rubuto, za mu buga a wata mai zuwa in Allah ya kai mu.